Daga Yerwa Zuwa Kukawa, Tsohon Gidan Shehunan Barno

Duk wanda ya tsaya a ƙofar fadar Shehun Barno a Maiduguri, ya ba fadar baya ya fuskanci yamma, zai ga wani faffaɗan titi ya miƙe a gabansa. Shi ne ake kira Dandal. In ya bi shi ya yi ta tafiya, ba da jimawa ba zai faɗa cikin hayaniyar Kasuwar Litinin, wadda ko da yake kullum take ci, sunan ranar bai rabu da ita ba. To, wannan tsari na fada a gabas, dandali a tsakiya, kasuwa a yamma, ba a Maiduguri aka ƙago shi ba. Kwaikwayo aka yi na wani gari da ke can arewa maso gabas, kusa da Tafkin Cadi, wanda a yau ƙaramin garin karkara ne, amma kusan shekara 80 shi ne babban birnin ƙasar Barno. Sunan garin Kukawa.

Ita Maiduguri, in ana maganar tsufan garuruwa, yarinya ce. Cikin 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya sauka a wurin da aka sa wa suna Yerwa, kusa da barikin da Turawan Ingila suka kafa a Mafoni, a gefen kogin Ngadda. Da yawa daga cikin waɗanda suka biyo shi, da 'ya'yan sarauta da malamai da fatake da masu sana'a, ko dai a Kukawa aka haife su, ko kuwa can iyayensu suka baro. Sunayen unguwanni ma suna ba da shaida. Akwai Shehuri inda gidan sarauta yake, akwai Hausari, sa'an nan akwai unguwar Fezzan, wadda ta ci sunan ƙasar Fazzan ta kudancin Libiya, inda kakannin Larabawan da suka zauna cikinta suka fito. Saboda haka mutumin Yerwa in ya nufi Kukawa ba a ce ya tafi yawon buɗe ido, sai dai a ce ya je gaida gida.

Hanyar ta Titin Baga take fita, ta bi ta gaban babbar kasuwar kifin nan da ƙanshin banda kan sanar da mutum ya iso tun bai gan ta ba. Tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba. Maiduguri tana zaune ne a kan wani dogon tudun rairayi da masana ƙasa ke kira Tudun Bama, wanda bincike ya nuna shi ne gaɓar Tafkin Cadi shekaru dubbai da suka wuce, sa'ad da tafkin yake kamar teku. Watau ke nan da mota ta gangara daga gari ta nufi arewa, a kan tsohon gindin tafki take gudu. Shi ya sa ƙasar take shimfiɗe kamar faifai, ba tudu ba kwari, ko dutsen da za a jefi kare da shi ba a samu. Sai farar ƙaya da aduwa da tumfafiya, in an hango duhun darbejiya kuwa to an kusa ƙauye.

Zango na farko da ya cancanci a ambata shi ne Gajiganna. Mai wucewa ba zai ga wani abin mamaki ba, amma cikin shekarun 1990 masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta ƙasar Jamus sun tona waɗansu 'yan tuddai a kewayen garin, suka sami tsingaron tukwane da ƙasusuwan shanu da 'yan siffofin dabbobi na yumɓu, waɗanda suka haura shekara 3,000. Makiyaya ne da suka biyo ruwa sa'ad da tafkin ya fara ja da baya, suka zama masu sharar wuri na farko a wannan fili. Har da kayan aikin dutse aka samu, alhali ƙasar ba dutse, watau tun wancan zamani ana safara daga nesa.

Daga nan sai Gajiram, sai Monguno. A wannan yanki ne ake soma cin karo da baƙar lakar nan da Barebari ke kira firgi, wadda da damina takan riƙe ruwa ta hana ko jaki wucewa, da rani kuma ta bushe ta tsattsage har ƙafar yaro ta iya faɗawa. Manoman wurin sun san sirrinta. Sukan yi yafin irin dawar da ake kira masakwa, in ruwa ya ɗauke su dasa ta ɗaya ɗaya a cikin lakar, ta yi girma da danshin da ke ƙasa kaɗai, a girbe ta cikin hunturu ba tare da ɗigon ruwan sama ya taɓa ta ba. Bayan Monguno akwai mararraba da ake kira Kuros Kauwa. Wanda ya miƙe, Baga ya nufa, bakin tafki. Wanda ya karya hagu kuwa, 'yar tafiya kaɗan ce ta rage masa ya shiga Kukawa.

Baƙon da ya karanta labarin garin a littattafai kafin ya zo, dole jikinsa ya yi sanyi in ya iso. Ba ganuwa, ba soraye masu tsawo, ba ƙofofin birni. Gari ne na manoman gero da wake da masu kiwo, a kan rairayi, kamar sauran garuruwan yankin. Birnin da ake ba da labari yana ƙarƙashin ƙafarsa, domin ginin ƙasa ne, kuma ginin ƙasa in ya rasa mai yaɓe, damina nawa ce ta mai da shi inda ya fito? Abin da ya rage sai a nemi labarin a bakin dattawa da cikin takardu.

Asalin Garin

Wanda ya kafa Kukawa ba ɗan sarki ba ne, malami ne. Sunansa Muhammadu al-Amin al-Kanemi, amma a bakin jama'a Shehu Laminu. An haife shi a ƙasar Fazzan wajen 1776. Mahaifinsa malami ne daga kabilar Kanembu, mahaifiyarsa kuwa 'yar wani attajirin Balarabe ce. Ya yi karatu a arewacin Afirka, ya yi aikin hajji, sa'an nan ya komo kudu ya zauna a Ngala, kudu da tafki, yana karantarwa, almajirai na taruwa gare shi daga cikin Kanembu da Larabawan Shuwa.

Da haka zai ƙare rayuwarsa, ba domin abin da ya auku cikin 1808 ba. A shekarar nan ne Fulanin Barno masu riƙe da tutar jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo suka ci Birnin Gazargamu, wanda tun ƙarshen ƙarni na 15 yake mazaunin sarakunan Barno na gidan Saifawa. Mai Ahmadu ya fita da ƙyar, ga tsufa ga makanta, ya miƙa sarauta ga ɗansa Dunama. Da Mai Dunama ya rasa tudun dafawa sai ya aika wa malamin Ngala. Malam Laminu ya zo da jama'arsa, aka yi addu'a, aka yi yaƙi, aka karɓo birnin. Da abin ya sake aukuwa aka sake kiransa. Mai ya saka masa da ƙasar Ngurno a bakin tafki, wadda ake danganta sunan kanwar nan ungurnu da ita. Amma wanda aka kira sau biyu ya ceci gida, da wuya a ce masa ya koma zaure ya zauna. Sannu a hankali iko ya koma hannun malamin, Mai ya zama sai rawani da fadawa.

Cikin 1814 Shehu Laminu ya bar Ngurno ya zo wannan fili ya sari gari nasa na kansa. Sunan ba ya bukatar tafinta ga Bahaushe: itacen kuka ne, wanda ake ba da labarin cewa yana tsaye a wurin da Shehun ya zaɓa domin gina gidansa. Turawan da suka zo daga baya ma Kuka kawai suke rubutawa. Abin lura shi ne irin mutanen da suka taya shi kafa garin, domin kusan dukkansu baƙi ne a fadar Barno ta dā. Akwai manyan abokansa uku Larabawan Shuwa, watau Malam Tirab da Ibrahim Wadaima da Ahmadu Gonimi. Akwai Alhaji Sudani, abokinsa tun daga arewa. Akwai mayaƙan Kanembu masu māshi da garkuwar itace, waɗanda su ne ƙashin bayan rundunarsa, ga kuma bayin sarki masu sarautar Kacalla. Sa'an nan ga fataken Fazzan da na Turabulus da suka biyo ɗan 'yar'uwarsu da hajarsu. Gidajen waɗannan mutane ne suka zama manyan gidajen Barno na ƙarni na 19, har yau kuwa zuriyarsu na nan a Maiduguri ana kiransu da sunayen kakanninsu.

Shehu Laminu bai yi faɗa da Sakkwato da takobi kaɗai ba, ya yi da alƙalami. Ya rubuta wa shugabannin jihadi wasiƙu yana tambayar hujjar da ta halatta yaƙar Barno, ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru cikin Musulunci. Matsayinsa shi ne saɓo daban, kafirci daban, kuma babu ƙasar Musulmi da ta kuɓuta daga masu saɓo. Muhammadu Bello ya mayar da amsa cewa sarakunan Barno sun goyi bayan sarakunan Hausa wajen yaƙar jama'ar Shehu, ga kuma al'adun tsafi da ba a hana ba. Ba wanda ya sallama wa wani. Amma ya kamata a yaba wa Muhammadu Bello a kan abu guda: ya kwafe maganar abokin gardamarsa ya sa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, har ta kai ga na baya su karanta su auna da kansu. Ba kowane mai iko ke yin haka ba, a dā ko a yanzu. Daga baya takobi ya sake fitowa, Shehu Laminu ya ɗaura yaƙi ya nufi yamma har ya tayar wa Kano da hankali, sai Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi cikin 1827. Daga nan kowa ya san iyakarsa. Abin da ya rage na wannan gaba a yau sai wasan da ke tsakanin Bafillace da Babarbare, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne.

Shehu Laminu ya rasu cikin 1837, aka binne shi a Kukawa, ɗansa Umaru ya gaje shi.

Gari Biyu, Suna Ɗaya

Gidan Saifawa bai haƙura ba. Cikin 1846 Mai Ibrahim ya gayyato Sarkin Wadai a asirce domin ya raba shi da Shehu Umaru, a lokacin da rundunar Barno ta tafi wajen Damagaram. Aka gwabza a Kusuri, Barno ta sha kashi, Malam Tirab ya faɗi a fagen fama, mutanen Wadai suka shiga Kukawa suka ƙone ta. Amma Shehu Umaru ya sa an kashe Mai Ibrahim, ɗansa Ali da aka naɗa a madadinsa shi ma ya mutu a yaƙi ba da daɗewa ba. Nan ne ƙarshen sarautar Saifawa, wadda masana ke lissafa ta cikin gidajen sarauta mafi daɗewa a duniya, kusan shekara 1,000.

Da Shehu Umaru ya tashi sake gina Kukawa sai ya yi ta gari biyu, kowanne da ganuwarsa. Na gabas na Shehu ne da fadawansa da manyan bayinsa. Na yamma na talakawa ne da fatake da baƙi. Tsakaninsu aka bar fili mai faɗin kamar rabin mil, wanda shi ma bai daɗe ba ya cika da bukkoki da rumfuna. Dandali ya ratsa su duka daga yamma zuwa gabas har ƙofar fada. A nan ake ganin gari: da safe manya su hau dawakai da rigunan Nufe da na Kano, ɗaya bisa ɗaya har mutum ya yi kamar rumbu, su nufi gaisuwa, bayi na gudu a gefensu, da la'asar samari su fito sukuwa. Baƙin Turawa da suka ga birnin a zamanin Shehu Umaru sun ƙiyasta jama'arsa tsakanin 50,000 da 60,000.

Kasuwa kuwa ranar Litinin take cika, a bayan ƙofar yamma. Larabawan Shuwa su zo da hatsi da man shanu a kan takarkarai, Kanembu su kawo busasshen kifi da kanwa, Buduma mutanen tsibiran tafki su ma a sami abinsu, fataken Kano su baje turkuɗi da baƙaƙen riguna da goro da jan fata. Ayarin raƙuma kan taso daga Turabulus ya bi ta Murzuk da Bilma, ya yi watanni a hamada, ya sauke takarda da turare da tsakiya da takubba. Da fari da sawayen farin saƙi ake ciniki, waɗanda ake kira gabaga. A zamanin Shehu Umaru ne kuɗin wuri ya shigo, aka haɗa shi da azurfar nan mai kan sarauniyar Ostiriya, wadda Hausawa ke ce wa liyari. Daga Damagaram da Gumel da Muniyo gaisuwa ke zuwa kowace shekara. Alhazan ƙasar Hausa masu tafiya Makka da ƙafa su ma nan suke yada zango, waɗansu su wuce, waɗansu zango ya zame musu gida.

Sai dai ba a faɗin labarin wannan kasuwa a tsallake babbar hajarta. Abin da ayarin arewa ya fi zuwa nema shi ne bayi. Daga ƙasashen kudu da tafki ake kamo su, Musgu da Margi da waɗansunsu, a tsayar da su a rumfuna a yi cinikinsu kamar na dabbobi, a kora su cikin hamada. Matafiyan da suka bi hanyar Bilma sun ba da labarin ƙasusuwan mutane birjik a bakin rijiyoyi. Dawakin da ake sukuwa da su a dandali da rigunan da ake taƙama da su, da yawansu da wannan kuɗi aka saye su. Duk mai jin kewar Kukawa ta dā, ya kamata ya haɗa da wannan cikin lissafinsa.

Da yawa daga cikin Turawan da suka ratso hamada a ƙarni na 19 suna neman sanin ƙasashen nan, sun sauke kaya a Kukawa. Denham da Clapperton da Oudney, 'yan Birtaniya, sun iso cikin Fabrairu 1823, suka gana da Shehu Laminu, suka yi mamakin sauƙin zamansa idan aka gwada da alfarmar fadar Mai, wanda ba a ganinsa sai ta bayan asabari. Daga nan ne Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarimu, ya iso cikin Afrilu 1851, ya mai da garin sansaninsa har 1855. Abokin tafiyarsa Overweg ya zo da jirgin ruwa da aka ɗauko guntu guntu a kan raƙuma tun daga bakin Bahar Rum, aka harhaɗa shi, ya shiga tafki ya zaga tsibiran Buduma. Zazzaɓi ya kashe shi cikin 1852 a Maduwari, wani ƙauye a bakin ruwa. Nachtigal kuma ya zo cikin 1870 da kyautar Sarkin Furusiya zuwa ga Shehu Umaru, ta godiya saboda karimcin da ya yi wa Jamusawa: kujerar sarauta, da bindigogi, da agogo, da hotunan sarkin da iyalinsa.

Amma cikin duk waɗanda suka ratsa Kukawa a zamanin nan, wanda ya fi kusa da mai karanta Hausa ba Bature ba ne, wani yaro ne mai suna Dorugu. Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram. Aka kama shi yana ƙarami, ya yi ta canza hannu har ya faɗo Kukawa a hannun wani Balarabe. A nan ya shiga hidimar Overweg, wanda ya fanshe shi ya 'yanta shi, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu suka koma wurin Barth, suka bi shi har Tambutu, suka komo, sa'an nan ya tafi da su Ingila cikin 1855. A can wani malamin mishan mai suna Schön ya zaunar da Dorugu, yana faɗa ana rubutawa: labarin rayuwarsa, da tatsuniyoyi, da abin da ya gani a ƙasar Turawa. Waɗannan suna cikin littafin Magana Hausa da aka buga cikin 1885, kuma suna cikin zube na farko farko da aka rubuta da Hausar boko. Dorugu ya komo gida, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu cikin 1912. Watau rubutun bokon da ake karanta wannan jarida da shi, in aka bi saiwarsa, ɗaya daga cikin jijiyoyin ta bi ta hannun wani yaro da aka yi cinikinsa a Kukawa.

Zuwan Rabe

Shehu Umaru ya rasu cikin 1881. 'Ya'yansa uku suka yi sarauta bi da bi, Bukar da Ibrahim da Hashimi, ƙasa kuwa tana ta raunana, ciniki ya ja baya, haraji ya yi nauyi, fada ta rabu. Ana cikin haka sai ga Rabe ɗan Fadlallah daga gabas, tsohon sarkin yaƙin Zubairu Basha na Sudan, da runduna ba mai yawa ba amma mai horo da bindigogi. Ya haɗa kai da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya karɓi kiran Mahadin Sudan. Cikin 1893 suka karya rundunar Barno sau biyu. Shehu Hashimi ya fice ya bar birnin, mayaƙan Rabe suka shiga suka kashe na kashewa, suka kama na kamawa, suka washe, suka sa wuta. Kiyari, wanda ya karɓi sarauta bayan Hashimi, ya tara jama'a ya sake gwadawa cikin 1894, har ya kusa cin nasara, amma aka kama shi aka kashe.

Rabe bai zauna a Kukawa ba. Dikwa ya zaɓa ya gina fadarsa. Sojojin Faransa da suka ratso hamada suka bi ta wurin a farkon 1900 ba su iske kome ba sai kangaye da ƙasusuwa, ciyawa ta rufe dandali. Cikin Afrilu na shekarar nan suka kashe Rabe a Kusuri, shi ma shugabansu Lamy ya mutu a wannan rana, aka sa wa sabon barikinsu sunansa, wanda shi ne birnin Njamena na yanzu.

An yi ƙoƙarin tayar da Kukawa. Shehu Garbai ya baro Dikwa cikin 1902 ya shigo ɓangaren da Ingila ta riƙe, ya zauna a Monguno, sa'an nan ya koma gidan kakansa ya yi 'yan shekaru yana gyara. Abin bai yiwu ba. Jama'a sun watse, hanyar hamada da ta ciyar da garin tana mutuwa domin kaya sun koma bin teku, Turawa kuma suna son Shehu kusa da barikinsu. Shi ke nan aka tashi aka koma Yerwa, aka tafi da fada, da dandali, da kasuwar Litinin. Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri cikin 1964, ta zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas cikin 1967, ta Jihar Barno cikin 1976. Kukawa ta zama mazaunin hakimi, daga baya hedkwatar ƙaramar hukuma.

Ko a cikin ƙaramar hukumar tata ma, Baga ta zo ta sha gabanta wajen jama'a da kuɗi. Wannan kuwa aikin waɗansu sababbin masu sharar wuri ne, da yawansu Hausawa. Tun daga shekarun 1960 masunta daga ƙasar Kabi da Sakkwato da Haɗeja da sauran wurare suka yi ta kwararowa bakin tafki da komaye da tarunansu, suka kafa Doron Baga da tungaye a tsibirai, banda ta riƙa fita mota mota zuwa Maiduguri har Anaca da Legas. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka tsotse shi har ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba. Tafkin da a zamanin Barth ya taɓa cinye wani sashe na Ngurno, sai ga shi ana bin sa da mota ana nema. Masuntan ba su tashi ba. Waɗansu suka bi ruwan, waɗansu suka ajiye taru suka ɗauki fartanya, suka shuka masara da wake a kan danshin da ruwa ya bari.

Sa'an nan sai masifar Boko Haram, wadda ta faro daga Maiduguri cikin 2009 ta bazu zuwa karkara. Cikin Janairu 2015 'yan bindiga suka ci barikin sojan haɗin gwiwa da ke Baga, suka yi kisan da duniya duka ta ji labarinsa. A farkon Yuli na shekarar, cikin watan azumi, suka shiga Kukawa da magariba suka buɗe wa masallata wuta, aka rasa kusan mutum 100. A garin malamin da ya rubuta wa Sakkwato cewa ba a kafirta Musulmi saboda saɓo, a nan aka harbe Musulmi a kan sahu. Jama'a suka watse zuwa Monguno da Maiduguri, suka zauna a sansanonin 'yan gudun hijira. Hanyar da dā motar haya kan yi cikin 'yan sa'o'i ta koma sai da rakiyar soja, wani lokaci ma a rufe ta ɗungum. A ƙarshen 2018 aka sake cin Baga. Cikin 2020 aka kai wa ayarin Gwamna Babagana Zulum hari a wannan yanki har fiye da sau ɗaya.

Duk da haka, ranar 2 ga Agusta 2020, sojoji suka rako kashin farko na mutanen Kukawa zuwa gida, bayan shekarun da suka yi a sansani. Tsakiyar damina ce, kowa hankalinsa na kan gonarsa. Kwana 16 kacal suka yi, 'yan bindiga suka sake afka wa garin suka yi garkuwa da mutane masu yawa. Wanda bai san tarihin wurin ba zai ce me ya kai su. Amma mai gona a Kukawa ba shi da gona a Maiduguri, kuma zaman jiran a auno maka hatsi ba zama ba ne ga wanda ya saba cika rumbu.

Shehun Barno Alhaji Abubakar ibn Umar Garbai, wanda ya hau gado cikin 2009, daga zuriyar Shehu Laminu yake, kamar dukkan waɗanda suka riga shi tun 1837, in aka cire shekarun Rabe. Sunan al-Kanemi yana kan makarantu da ƙungiyar ƙwallo da manyan gine-gine a Maiduguri. Kabarinsa kuwa, da na waɗansu daga cikin magadansa, yana Kukawa, a wajen da fadar garin gabas take a dā. Kafin hanya ta lalace, 'yan sarauta da malamai da ɗaliban tarihi sukan taso daga Yerwa da sassafe, su tuɓe takalma a ƙofar hubbaren, su yi wa mamatan addu'a, su juyo kafin rana ta faɗi.